Haɗejiya a Takardar Sallamar Kaka

Kakana na wajen uba yana da ƙarfe a cinyarsa ta hagu, kuma babu jikan da ya tashi a gidanmu bai taɓa shi ba. Ɗan dunƙule ne kamar ƙwallon dabino, in ka danna sai ya zame a ƙarƙashin fata. Idan sanyi ya shigo sai Kaka ya ce ƙarfen ya farka, ya aike ni in ɗumama masa man riɗi. Ni ce mai shafawa, don ni ce amaryarsa, yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu mata. Ni kuwa tsohon miji mai kunne ɗaya nake ce masa, tunda kunnen hagun ma can ya baro shi inda ya samo ƙarfen.

A yammacin Umdurman muke zaune, a ƙasar Sudan, ba nisa da Kasuwar Libiya. Mutanenmu daga Jazira suka taso bayan sun gaji da cirar audugar wasu. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, ya bar Inna da ni da yayana namiji, sai Kaka da ke zaune a ƙofar gida a kan gadon igiya yana gyara wa duniya zama da baki. Yaya yana da ɗan tebur na takalma a kasuwa, shi ke ciyar da mu. Ni aka bar wa boko, kuma ba yabon kai ba, ina ja.

Wata rana ina aji biyu a sakandare na dawo da littafin tarihi, na zauna ina haddace dalilan Yaƙin Duniya na Biyu da ƙarfi, na ɗaya kaza, na biyu kaza. Kaka ya juyo kunnensa mai lafiya ya saurara har na kai ƙarshe, sannan ya ce:

"Amarya, wanda ya rubuta wannan ya je?"

Na ce ban sani ba.

"To ni na je. Ingilishi na riƙe da Sudan, Taliyan na riƙe da Habasha, kowanne na hangen abin da ke hannun ɗaya, kuma duk cikinsu ba mai ko taki ɗaya na gadon ubansa a nan. Faɗansu ne na can gida ya biyo su. Ni kuwa takalmi ne ya kai ni."

Gaskiya ya faɗa. Shekarar ba ta yi kyau ba a gonakin auduga, sai ga masu ɗaukar soja sun zo ƙauyensu da alkawarin abinci sau uku da takalmin fata. Bai taɓa sa takalmin da ya wuce faɗe ba. Ya bi su zuwa Kasala, daga nan aka tura su cikin duwatsu. Aikinsa jan alfadari ne da jarkokin ruwa zuwa saman dutse inda masu harbi suke, ya sauko da waɗanda aka harba. Ya ce ƙishirwa ta fi harsashi yawan kisa, kuma duk Baturen da ya gani a kusa, nasu ne ko na abokan gaba, bai kai yawan yatsunsa ba. Baƙaƙe ne ke hawa, baƙaƙe ne ke tare hanya. Sau ɗaya tak ya ba ni labarin wani sojan Taliyan da suka tarar a bayan dutse cikinsa a buɗe, yana kiran "wayyo Inna" da Hausa tsantsa. Kaka ya ba shi ruwan da alfadarin ke ɗauke da shi, aka yi masa bulala a kan ruwan. Kwana uku bayan haka bom ya faɗo kusa da shi, alfadarin ya mutu, shi ya tashi da ƙarfe a cinya da kunne ɗaya.

Da aka gama yaƙi aka jera su za a sallame su. Bature na zaune, akawu na gefensa yana tambaya yana rubutawa. Aka ce wa Kaka: daga ina? Ya ce Haɗejiya.

Kaka bai taɓa ganin Haɗejiya ba. A wani ƙauye na bakin kogi aka haife shi, a nan Sudan, a nan aka binne cibiyarsa. Ubansa ne ya baro Haɗejiya da ƙafa lokacin da Turawa suka shigo, da niyyar Makka, hanya ta tsaya masa a nan. Amma mu haka muke. Ka tambayi Bahaushen Sudan daga ina yake, ko kakan kakansa a Jazira aka haifa, zai ce maka Katsina ko Sakkwato ko Damagaram, don a wurinmu tambayar asali aka yi, kuma wanda bai san asalinsa ba abin kunya ne. Akawun ya rubuta kalmar a takardar sallamarsa, a gurbin wurin haihuwa. Kaka bai iya karatun boko ba, ya ninke takardar ya sa a gwangwanin shayi tare da lambar yabonsa, yana alfahari da ita shekara hamsin.

Na gama sakandare da sakamakon da ya sa Inna ta yi guɗa har maƙwabta suka fito. Likitanci nake so, kuma maki ya kai. Abin da ya rage shi ne jinsiyya, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda in babu ita ba mai rubuta sunanka a jami'a. Mahaifina bai taɓa nemanta ba, ya rayu ya mutu bai buƙace ta ba. Aka ce tunda uba ba ya raye, in zo da kaka da duk wata tsohuwar takarda da yake da ita. Kaka ya yi dariya ya ce: "Takarda? Ai ni da jini na sa hannu." Ya sa Inna ta wanke masa farar jallabiyarsa, ya maƙala lambar yabon a ƙirji.

Muka shiga hafila, ƙaramar bas ɗin haya, muka tsallaka gada zuwa Khartum. Sojoji ke mulki a lokacin, ko'ina ka duba kaki ne. Ofishin yana da tsakar gida mai bishiyar darbejiya ɗaya, masu shayi a ƙarƙashinta, jama'a a rana. Sai wajen sha ɗaya aka kira mu. Hafsan da ke ciki mai taurari biyu ne a kafaɗa, da tabon salla a goshi, da zoben azurfa mai jan dutse. Yana cikin hira da wani abokinsa da ke shan shayi, yana gaya masa cewa su kakanninsu daga Hijaz suka tsallako, sunayensu a jere a rubuce har zuwa can. Bai ce mu zauna ba.

Kaka ya ƙame ya sara masa, irin sarawar da aka koya masa tun yana saurayi. Hafsan ya karɓi takardar sallamar da yatsu biyu, ya buɗe, ya karanta, ya ɗago.

"Ya hajj, ina ne Haɗejiya?"

Da Larabci yake magana, Kaka ya amsa masa da Larabcin da ya fi nasa tsufa. Ya ce garin ubansa ne.

"A Sudan yake?"

"A'a, a Najeriya. Amma ni a nan aka haife ni."

"Takarda ta ce a Haɗejiya aka haife ka."

Na sa baki na yi masa bayani, na ce al'adarmu ce, tambayar asali ya ɗauka aka yi masa. Hafsan ko kallona bai yi ba. Ya ce: "Ya bit," wato ke yarinya, "ni abin da aka rubuta nake karantawa."

A nan ne Kaka ya yi abin da har yau ban manta ba. Ya sunkuya ya ɗage jallabiyarsa har sama da gwiwa, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, a gaban mutane, ya nuna cinyarsa. Ya ce: "Ɗana, kawo hannunka ka taɓa. Wannan a kan iyakar ƙasar nan na same shi, ubanka na gida yana barci."

Hafsan ya jingina da kujera ya dubi abokinsa. Ya ce: "Ka gani ko? Takardarsa ta Ingilishi, ƙarfensa na Taliyan, bakinsa na Najeriya. Wanne ne namu a ciki? Ya hajj, ka kai wa Taliyan ƙarfensu, wataƙila su ba ka jinsiyya."

Abokin ya yi dariya har shayi ya zubo masa. Masinjan da ke bakin ƙofa ma ya yi. Kaka bai ji duka ba, don ta hagunsa hafsan yake, sai ya juyo gare ni yana murmushi, yana tsammanin raha ake yi da shi. Ya ce da Hausa: "Amarya, me ya ce?" Na sunkuya na sauke masa jallabiyar. Na ce ya ce mu dawo wani lokaci.

A cikin hafila ya sake tambayata. Na sake yi masa ƙarya. Da muka hau gada sai ya cire lambar yabon ya sa a aljihu, ya ce: "Na ji rabi da kunnena, rabin na gani a fuskarki."

Na koma ofishin nan sau huɗu ni kaɗai. Aka ce in kawo shaidu biyu da suka ga haihuwar Kaka. Wa zai ga haihuwar mai shekara saba'in da biyar ya kuma iya hawa hafila? Na je har ƙauyensu a Jazira, na tarar da tsohuwa ɗaya da ta san uwarsa, ita ma ba ta da jinsiyya, don haka shaidarta ba ta ci. Ranar rufe rajista ta zo ta wuce. Wata ƙawata da na riƙa koya wa lissafi ta shiga ajin likitanci, ni na zauna gida ina taya Inna soya taliyar sayarwa. Ba zan ɓoye ba, a shekarar nan na koyi ƙiyayya, kuma na iya ta sosai. Ina tuƙa tuwo ina ganin zoben nan mai jan dutse. In na yi salla na roƙa wa kowa alheri, sai in ware hafsan in roƙa masa tsawon rai, don kada ya mutu ban same shi ba.

A lokacin yaƙin kudancin ƙasar ya yi zafi, ana ta kamen samari a kai su bautar soja ta dole. Kasha ake ce wa kamen. Mota ce za ta tare hanya, a tsayar da hafila, a ce duk saurayi ya sauko. Wata safiya Yaya ya fita zai je sarin takalma, aka tare su kafin gada. Maƙwabcin teburinsa ne ya zo ya gaya mana da rana, ya kawo mana jakarsa. Ba wanda ya tambayi Yaya jinsiyya kafin a jefa shi a motar.

Inna ta zauna a ƙasa tana kuka. Kaka ya tashi ya ɗauko gwangwanin shayi, idonsa na ƙyalli, na daɗe ban gan shi haka ba. Ya ce: "Tashi, amarya. Ba sun ce mu baƙi ne ba? To baƙo ba ya bautar soja. Takardar da ta hana ki ita za ta fito da shi." Wallahi na ga hikimar, har na ji kalmar nan Haɗejiya ta fara yi mini daɗi.

Sansanin da aka kai su yana can kudu da Khartum, ta hanyar Jabal Awliya. Iyaye mata sun cika bakin shingen waya, kowacce da ƙullin abinci. Muka kutsa har wurin wani saje mai ƙaton ciki da ke tsaron ƙofa. Kaka ya miƙa masa takardar ya ce: "Karanta nan. Ni ɗan Haɗejiya ne, hukuma ta tabbatar. Jikana baƙo ne, ku ba ni shi."

Sajen ya duba takardar, ya ga hatimin soja, ya ga lambar runduna. Sai ya ƙame ya sara wa Kaka. Ya ɗaga murya don iyayen da ke wurin su ji: "Masha Allah! Ku ga tsohon soja, ya yi yaƙin Taliyan! Ya hajj, jikanka gado ya yi, jinin soja ne a jikinsa. Irinku ƙasa ke alfahari da su." Ya ninke takardar da ladabi ya mayar masa da hannu biyu. Kaka ya ce a duba wurin haihuwa. Sajen ya ce wannan ba aikinsa ba ne, aikin ofis ne a Khartum.

Mun ga Yaya sau ɗaya ta cikin shingen, an aske masa kai, yana sanye da takalmin soja da ya fi ƙafarsa. Ya ɗaga ƙafar ya nuna wa Kaka yana dariya, ya ce: "Tsoho, ni ma na samu nawa." Kaka bai yi dariya ba.

Wata takwas bayan haka, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Mutum huɗu suka fito da fararen jallabiyoyi, ɗaya na riƙe da takarda a cikin gilashi, wani na sauke buhun sukari. Suka ce kada a yi kuka, Yaya ya yi shahada a kudu, yau ranar aurensa ce a Aljanna, mata su yi guɗa. Inna ta dube su kamar ba ta jin Larabci. Kaka ya tambaye su ina gawar. Suka ce an binne shi a inda ya faɗi. Ya ce a ina? Suka ce a daji. Ya ce: "Mu a zamanin kafirai ma ana rubuta wurin." Babban cikinsu ya yi kamar bai ji ba, ya karanta abin da ke cikin gilashin da ƙarfi. An kira Yaya ɗan ƙasa na gari, wanda ya ba da ransa don ƙasar kakanninsa.

Bayan sadakar arba'in na cire takardar daga gilashin, ban gaya wa kowa ba, na tsallaka gada. Hafsan na nan, taurarinsa sun zama uku. Na ajiye masa takardu biyu a jere, ta Kaka da ta Yaya. Ya karanta ta Yaya, ya miƙe tsaye. Ya ce ƙanwar shahidi ba ta tsayuwa a layi, ya sa aka kawo mini kujera da shayi. Ta Kaka ko buɗe ta bai yi ba. Kafin shayin ya huce ya sa hannu, jan dutsen zobensa na bin alƙalami. Ya ce: "Allah ya karɓi shahadarsa, ya bit. Gidanku gidan daraja ne." Bai gane ni ba. Na so in watsa masa shayin a fuska, amma na tuna shekara biyun da na riga na rasa. Na karɓi takardata na fito, ban sha ba.

A gida Kaka ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce: "Sun rubuta Haɗejiya?" Na ce a'a. Ya ce: "To." Na ce yanzu shi ma za a ba shi tasa cikin sauƙi, mu je gobe. Ya girgiza kai. Ya ce ba zai karɓi takardar da aka jiƙa da jinin jikansa ba, ni dai in riƙe tawa tunda yarinya ce ni, ina da sauran tafiya. Daga ranar bai ƙara kirana amarya ba, sai sunana. Ya rasu kafin shekara ta zagayo. Wanda ya yi masa wanka ya fito yana tambaya ko mun san akwai wani abu mai tauri a cinyarsa. Da ƙarfen aka binne shi, kuma a takardun ƙasar nan baƙo ne aka binne.

Likitanci ya wuce ni. Maki ya tsufa, ga Inna ba mai ciyar da ita. Na yi ɗan kwas na ajiye bayanan marasa lafiya, na sami aiki a wani asibitin ido mai zaman kansa a Umdurman, a teburin yankan kati. Na yi aure, na haihu, na zama shugabar teburin. Sojojin dai na nan a kan mulki, sai dai sun riƙa cin junansu, yau a ɗaga wannan gobe a yar da shi. Addu'ata ta tsawon rai ban fasa ba ko sau ɗaya.

Shekara goma sha bakwai bayan ranar da Kaka ya ɗage jallabiyarsa, wata Talata da zafi ya yi zafi, wani tsoho ya zo gaban tagata yana lalube da sanda. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu, sun yi fari. Ba kaki, ba taurari, jallabiyar ma ta sha wanki har ta gaji. Ya ɗora hannu a kan katakon taga, sai ga zoben azurfa mai jan dutse. Ya yi sallama, muryar ta ƙarasa mini sauran shakka. Na ji sanyi ya ratsa ni tun daga tafin ƙafa, irin na wanda ya sha ruwan randa bayan doguwar tafiya.

Na ɗauko kati. Na tambaye shi suna, ya faɗa. Shekaru, ya faɗa. A katinmu akwai gurbin da ake rubuta inda mutum ya fito, unguwa kawai ake nufi. Na sassauta murya, na sa mata ladabi, na ce:

"Ya hajj, asalinku daga ina?"

Ya gyara tsayuwa, ƙirjin nan da ya rame ya ɗan taso. Ya ce: "Mu? Ai mu daga Hijaz muke, 'yata. Kakanninmu a rubuce suke."

Na rubuta Hijaz da manyan baƙaƙe. Na ce masa to, tagar baƙi tana can ƙarshen tsakar gida, ana buɗe ta bayan azahar, ya je ya jira a benci.

Ya ce: "Baƙi kuma? Ni ɗan ƙasa ne! A Umdurman aka haife ni, ni da ubana!"

"Kati ya ce Hijaz."

"Ai asali kika tambaye ni!"

Ya shiga lalube a aljihu, ya fito da katin shaidarsa, ya fito da wani tsohon kati na aiki mai hotonsa da kaki, yana tura mini su ta taga. Ya ce in duba, shi hafsa ne, ya bauta wa ƙasar nan shekara talatin. Na tura masa su baya da yatsu biyu. Na ce: "Ya hajj, ni abin da aka rubuta nake karantawa." Na kira na bayansa.

Bencin tagar baƙi ba shi da rumfa. Daga kujerata ina hango shi. Ya zauna ya ɗora haɓa a kan sanda, can ya cire rawaninsa ya yafa a ka, can ya tashi ya laluba bango yana neman inuwa bai samu ba, ya koma. Abokiyar aikina ta ce: "Haram, tsohon nan makaho ne fa, kin san kuskure ne." Na ce na sani, ta bar mini shi. Ta dube ni ta ga abin da ke fuskata, ta koma kan aikinta. Na yanka wa mutum arba'in kati a ranar, kowanne da fara'a, har wata tsohuwa ta ce Allah ya ƙaro irina. Mutane na cewa ramuwa ba ta da daɗi in ta zo. Ni tawa ta yi daɗi, awa huɗu cur, kuma ban nemi gafarar wannan ba har yau.

Da aka kira azahar na aika masinja ya kamo hannunsa. Ya zo leɓɓansa sun bushe, gumi ya jiƙa masa baya. Ciwonsa ba na gaggawa ba ne, kuma ban yi niyyar hana shi likita ba, ni ba shi ba ce. Na yaga katin farko a kusa da kunnensa don ya ji, na rubuta sabo. Sannan na gaya masa. Na ba shi labarin tsoho mai lambar yabo da ya sara masa, da cinyar da aka buɗe a ofis, da abin da ya ce a kan Ingilishi da Taliyan da Najeriya, kalma bayan kalma, don ban yar da ko ɗaya ba. Na gaya masa sai da yayana ya mutu kafin ya sa mini hannu.

Ya juya zoben a yatsansa. Ya ce: "Wallahi ban tuna ba. Mutane da yawa sun wuce ta gabana."

Wannan ta fi mini zagi ciwo. Shekara goma sha bakwai ina ɗauke da shi, shi ko minti ɗaya bai ɗauke mu ba. Ya ce in yafe masa, lokacin ne haka, umarni ake ba su. Na ce masu yafewar biyu ne, ɗaya na maƙabartar bayan kasuwa da ƙarfe a cinya, ɗaya na wani daji a kudu da ba a rubuta sunansa ba, ya je ya same su. Na sa masa katin a tafin hannu, na ce ƙofa ta biyu a dama.

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. Ya waiwayo da fararen idanun nan wajen da yake jin muryata.

"'Yata, ke 'yar ina ce?"

Jinsiyyata na cikin jaka a ƙarƙashin tebur, da sa hannunsa a kanta. A Umdurman aka haife ni, ban taɓa tsallaka iyakar ƙasar nan ba, ko a taswira sai na nema nake ganin garin.

Na ce masa Haɗejiya. Na maimaita a hankali don ya ji da kyau, sannan na kira na gaba.